Hucin Umma a Kan Madubi

Tun da aka ɗauke wuta da azahar gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya riƙa jin bugun zuciyarsa a cikin kunne. Fanka ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya. Ko kazar maƙwabta ta daina kuka.

Auta ta ajiye rigar da take yi wa kalmasa, ta kasa kunne wajen ɗakin Umma. Ba ta ji komai ba.

Ta miƙe a hankali, ta zura hannu ƙarƙashin tulun ruwa da ke bayan ƙofa, ta zaro wani ɗan madubi zagayayye wanda bai fi tafin hannun jariri ba. Nan take ajiye shi kullum don ya zauna da sanyi, saboda madubi in ya ɗau zafi ba ya kama huci.

Umma tana kwance rigingine, an ja mata farin zane har ƙirji. Hasken da ke ratsowa ta labule ya mai da fuskarta launin tsohuwar takarda. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita bara, ba ta ƙara furta kalma ba. Hannunta na hagu kaɗai ke motsi, shi ma sai ya ga dama.

Auta ta durƙusa, ta kara madubin a ƙasan hancinta, ta jira.

Wani ɗan hazo ya bayyana a kan gilashin. Ya ɓace. Ya sake bayyana.

"Alhamdu lillahi da wannan," ta ce cikin raɗa. "Na gode da na tarar da Ummata. Na gode da ruwan da ta haɗiye ɗazu ba ta ƙware ba. Na gode da ta kalle ni da safe ta gane ni."

Igiyar da ta ɗaure mata ƙirji ta fara sassautawa.

Da ba haka Auta take ba. Abbanta ya rasu ne da rana tsaka, yana ƙailula a kan doguwar kujerar falo. Ita ta kawo masa ruwa, ta zauna kusa da ƙafarsa tana ba shi labarin wata mata da ta kawo ɗinki ta ce a rage mata ƙugu ba tare da an taɓa yadin ba. Tana faɗa tana dariya. Sai da ta kai ƙarshen labarin ta lura ƙuda ya sauka a kan leɓensa, bai kore shi ba.

Tun daga ranar ta daina yarda da mai barci.

Da aka kwantar da Umma a asibiti abin ya zame mata ciwo. Ba ta ci, ba ta runtsa. Da madubin hodarta take bin numfashin Umma, ta duba ta koma ta zauna, kafin zama ya yi zama ta sake miƙewa. Wata safiya madubin ya suɓuce mata ya tarwatse a ƙasa. Ta zauna cikin ɓaraguzan gilashi tana kuka ba sauti.

Wani dogon saurayi mai farar riga da takalmin roba ya tsaya da gadon da yake turawa. Ya tsuguna yana tsince gilashin ɗaya bayan ɗaya. Shi ne ma'aikacin mutuware, ɗakin sanyin da ake ajiye gawa. Mutanen unguwa ba sa kiran sunansa, Na-Ƙanƙara suke ce masa, kuma sukan tsallaka titi in sun hango shi.

"Malama, na daɗe ina ganinki," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Duk dubawar da kika yi yau, sau nawa kika rasa hucin?"

"Ko sau ɗaya."

"To sau nawa kika gode?"

Ta ɗago jajayen idanu ta dube shi.

"Ni a inda nake aiki, da zan kara madubi in ga hazo sau ɗaya tak, wallahi rawa zan yi har a ce na zautu. Ke kullum kina gani, amma ki tashi da fuskar wadda aka yi wa sata. Neman mutuwa kike zuwa yi, in ba ki same ta ba ki ce saura anjima. Ki riƙa zuwa karɓar kyauta mana."

Ya ciro ɗan madubin da yake gyaran gashin baki da shi, ya ajiye mata a gefen gado. Daga ranar, duk safiya sai ya biyo ta gadon Umma, ya cire hula ya ce, "Mama, an kwana an tashi, mun gode."

A haka barci ya dawo wa Auta. A haka kuma wani abu ya shiga zuciyarta bai yi sallama ba, har ya kai in ta ji ƙarar takalmin roba a baranda sai ta gyara ɗaurin kallabi. Bayan an sallame su ya zo gida ya bayyana nufinsa. Yaya, babban wanta, wanda gidan ya koma hannunsa bayan Abba, ko ruwa bai bari an ba shi ba. Shi amininsa Mai Kemis yake so ta aura.

"La'ilaha illallahu! Ke 'yar nan! Me kike tsotsa a hancin uwarki?"

Auta ta zabura. Gwaggo ce tsaye a bakin ƙofa, ƙanwar Abba da ta dawo gidan da zama don taya jinya. Ido waje, hannu a ka.

"Gwaggo, numfashinta nake dubawa."

"Da me? Mu gani. Wa ya ba ki?"

Auta ta sunkuyar da kai. Nan take Gwaggo ta gane na Na-Ƙanƙara ne.

"Madubin gawa!" Gwaggo ta ja da baya har ta bugi ƙofa. "Ai ni da ma na faɗa! Shi ya sa matar nan kullum sai ƙara bushewa take kamar kuɓewar bara. Kina zuƙe mata numfashi kina tarawa, kina yi masa surkulle a kai, shi kuma ya zo ya kwashe ya kai wa na cikin firjinsa!"

"Haba Gwaggo, godiya fa nake yi wa Allah."

"Godiya da raɗa? Godiya a ɓoye ƙarƙashin tulu? In da gaskiya, me ya hana abin ya fito fili?"

Ta naɗe hannu da bakin mayafi, ta fizge madubin kamar mai ɗaukar kunama, ta kai shi kan dakalin taga inda rana ke dukan siminti.

"Zauna nan, rana ta gasa abin da ke cikinka."

Sannan ta ɗauki waya ta kira Yaya.

Bayan la'asar suka shigo. Yaya a gaba, fuska a murtuke. Mai Kemis a bayansa, turarensa ya riga shi shiga ɗaki, makullin mota na lilo a yatsa. Can baya, a bakin ƙofa, Na-Ƙanƙara ya tsaya da hula a hannu. Yaya ne ya aika masa ya zo ya ɗauki kayansa.

Wutar ba ta dawo ba. Ɗakin ya yi duhu-duhu, inuwar mutanen ta hau bango ta yi tsawo. Umma tana kwance yadda take, ido a rufe.

"A gaban Umma za a yi ta," in ji Yaya. "Auta, ki buɗe baki ki gaya wa mutumin nan kada ya ƙara tako ƙofar gidan nan. Yau za a rufe maganar."

Hawaye suka zubo mata kafin magana ta zo.

"Yaya, me ya yi maka?"

"Ban ce ya yi mini komai ba."

"Ka manta yadda nake? Ka manta lokacin da kake tarar da ni tsugune a bakin ƙofarka ina sauraron ko kana numfashi? Kai da bakinka ka ce Auta ta kusa haukacewa. Magani nawa abokinka ya kawo mini? Na sha fari, na sha ja, na sha mai sa mutum ya yini kamar gunki. Wanne ya cire mini tsoron?"

Mai Kemis ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, ai ba ki gama shan kwalin ba ne."

Ba ta ko kalle shi ba.

"Mutumin nan bai ba ni laya ba, Yaya, bai ba ni rubutu ba. Cewa ya yi in riƙa lura da abin da ke hannuna kafin in yi kukan abin da za a ƙwace. Shi ke nan laifinsa. In na ji zuciyata za ta fashe, sai in tsaya in faɗi abin da Allah ya bar mini, ɗaya bayan ɗaya, har ta kwanta. Kai ma kana ciki. Kullum sai na gode da kai, ko ranar da ka yi mini tsawa."

Yaya ya kau da kai. Da ya yi magana, ba Auta ya duba ba, hannuwan Na-Ƙanƙara ya zuba wa ido.

"Ka san me ya sa ba na son ganinka? Ranar da Abba ya rasu ina kan hanya. Kafin in iso an kai shi wurinku. Kai ka jawo mini durowar ƙarfen nan. Da waɗannan hannuwan. Duk sanda na gan su, sanyin ɗakin nan nake ji a haƙorana. Ka ce in zauna in ci abinci da su a faranti ɗaya? In ga sun ɗauki 'ya'yan ƙanwata?"

"Na tuna shi," Na-Ƙanƙara ya ce a hankali. "Hularsa ta karkace a mota. Sai da na gyara masa ita kafin in buɗe maka, don kada ka gan shi ba yadda ka saba ba."

Yaya ya sauke idonsa daga kan hannuwan.

Mai Kemis ya ga maganar na neman karkata, sai ya yi 'yar dariya.

"Ni dai abin da nake ji a bakin masu zuwa shagona, wai shi kansa ba ya huci. Sun ce ko da sanyin asuba kowa na fitar da tururi a baki, ban da shi. Wasa dai suke yi, ina jin."

"Wasa?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ai biri ya yi kama da mutum! Ku dube shi, duk zafin nan ko gumi babu. Bari a gwada shi da makaminsa."

Kafin kowa ya tanka ta je taga, ta naɗo madubin cikin mayafi. Ta matso tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, ta miƙa hannu daga nesa, ta kara shi a ƙasan hancin Na-Ƙanƙara.

Bai ja da baya ba. Ya tsaya kawai, idonsa a ƙasa.

Duk suka matso suna leƙe.

Gilashin ya zauna tas. Babu hazo. Babu ko ɗigo.

"Ka numfasa mana," in ji Yaya, muryarsa ta canza.

"Ina yi."

Babu komai. Hancinsa kaɗai ake gani a ciki, da gefen leɓensa, a bushe.

Gwaggo ta fara salati da ƙarfi. Yaya ya ja baya taku ɗaya. Mai Kemis ya sunkuyar da kai, amma gefen bakinsa ya ɗan motsa.

Auta ta dubi Na-Ƙanƙara, sai ta ga kamar yau ta fara ganinsa. Wannan natsuwar tasa da ba ta girgiza. Wannan tafiyar tasa marar sauti in ya cire takalmin roba. Muryar da ba ta taɓa ɗagawa ba. A cikin duhun ɗakin fuskarsa ta yi fari-fari, idanun sun faɗa ciki. Wani ƙuda ya zagayo ya wuce ta gefen bakinsa, sai ga Abba a kan doguwar kujera, sai ga ta tana ba gawa labari tana dariya.

Ashe ko yanzun ma haka take yi? Ashe duk watannin nan...

Bango ya fara juyawa.

Ta runtse ido ta dafa gadon Umma.

"Na gode da ƙafafuna suna ɗauke da ni," ta ce. "Na gode da ina jin ƙarfen gadon nan a hannuna. Na gode da ya zo da aka kira shi, bai gudu ba."

"Kun ji ta ko? Ta fara surkullen!" in ji Gwaggo.

Auta ta buɗe ido. Juyawar ta tsaya. Yanzu tana gani sosai. Ga wata jijiya a gefen wuyan Na-Ƙanƙara tana harbawa da sauri. Ga wuyan rigarsa ya jiƙe. Ga yatsunsa sun matse hular har sun yi fari. Tsoro yake ji, kamar kowane ɗan Adam da aka tsayar ana tuhumarsa.

"Na gode da wannan jijiyar," ta ce, sai kuma ta tuna da tulu.

Ta miƙa hannu ta taɓa madubin. Zau, kamar murfin tukunya.

"Gwaggo, kawo."

"Me za ki yi?"

"Tunda gwaji ake, ai ba a bar babba a baya ba."

Ta karɓe shi ta kara a ƙasan hancin Gwaggo. Gwaggo ta tura ido ƙasa tana kallo. Ta fesa numfashi. Ta sake fesawa da ƙarfi, har da baki, kamar mai hura wuta.

Gilashin tas.

"Wayyo Allah na! Na mutu ban sani ba!" Ta buge hannun Auta. Madubin ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin gado. "Ku taɓa ni! Yaya, taɓa ni ka ji!"

"Rana kika sa shi ya gasu a ciki, Gwaggo. Gilashi mai zafi ba ya kama hucin kowa." Auta ta juya ga Mai Kemis. "Wani a ɗakin nan ya san haka tun ɗazu."

Mai Kemis ya buɗe baki zai yi magana, Yaya ya ɗaga masa hannu. Ba shi yake kallo ba. Gado yake kallo.

"Umma?"

Sai a lokacin suka lura. Umma, wadda ko cokali ya faɗi sai ta buɗe ido, duk wannan ihun bai motsa ta ba. Zanen da ke kan ƙirjinta ya kwanta luf. Bakinta ya ɗan buɗe. Hannun hagun ya zame ya rataya a gefen gado.

"Umma!" Yaya ya sake kira, amma ƙafarsa ta ƙi ɗagawa.

"Bari in ɗauko abin awon jini a mota," in ji Mai Kemis, ya fice da baya-baya.

Gwaggo ta toshe baki da mayafi.

Auta ta ji tsohon tsoron ya zo har bakin ƙofar zuciyarta yana ƙwanƙwasawa. Madubi yana can cikin duhun ƙarƙashin gado, ko ta ɗauko shi ba zai gaya mata komai ba. Ta durƙusa, ta ɗora goshi kusa da kafaɗar Umma. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta karye ba.

"Ummata, na gode da ke. Na gode da kitson da kika yi mini ina kuka kina lallashi. Na gode da kika koya mini zare da allura. Na gode da shekarar nan da aka ƙara mana, da na yi miki wanka na shafa miki mai. In da saura, na gode. In kuma iyakar ke nan, wallahi an ba ni da yawa."

Yaya ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Na-Ƙanƙara ya tako har gabansa. "Yaya, ka ba ni izini in taɓa ta?"

Yaya ya dubi hannuwan nan. Ya daɗe yana dubansu. Sannan ya gyaɗa kai.

Na-Ƙanƙara ya tsuguna, ya ɗago hannun da ya rataya, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannun. Ɗakin ya ɗauke numfashi gaba ɗaya. Can waje aka ji an rufe ƙofar mota, inji ya tashi, ƙararsa ta yi nisa.

Sai yatsun Umma suka motsa.

A hankali suka juyo, suka zagaye wuyan hannunsa, suka damƙe. Ƙirjinta ya ɗaga da wani dogon numfashi mai ƙara, kamar wanda ya taso daga ƙasan rijiya. Idonta ya buɗe, ya yi yawo a rufin ɗaki, ya sauko ya tsaya a kan fuskarsa.

Ya yi murmushi, idonsa cike da ƙwalla. "Mama, an kwana an tashi."

Gefen bakinta mai rai ya yi ta rawa. Harshen da ya shekara a kwance ya yi nauyi, ya faɗi, ya sake tashi.

"Mun... go... de."

Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa. Auta ta kifa fuska a kan zanen tana kuka tana dariya. Na-Ƙanƙara ya yi ƙoƙarin zare hannunsa don ya ba 'ya'yanta wuri, Umma ta ƙi saki. Ya sake gwadawa, ta ƙara damƙewa, ta juya ido ta kafe Yaya da shi.

Yaya ya share fuska da hannun riga. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi hannun da ta riƙe.

"Ban ce na yarda ba," ya ce, murya a dushe. "Kada wani ya ce na ce."



Ya jawo kujerar roba da ƙafa, ya tura ta bayan Na-Ƙanƙara.

"Zauna, tunda an kama ka. Auta, kawo wa baƙo ruwa."

Ta miƙe. Daga ƙarƙashin gado gefen madubin yana ɗan ƙyalli, ya fara hucewa a kan siminti. Ta gan shi, ta bar shi a nan. Ta ɗauki kofi ta nufi tulu, kuma har ta fita daga ɗakin ba ta waiwayo ta dubi ƙirjin Umma ba.